ABIN DA KE SA YARO AMAI BAYAN AN YI MASA AIKI A ASIBITI

 

Yau maganarmu a kan yara ce, watau yaron da malamin ɗakin shan magani ya duba ya ce ciwonsa ya fi ƙarfin ƙwaya da allura, sai dai a kai shi babban asibiti a yi masa aiki. Ko gwaiwa ce, ko ƙari, ko karaya, ko ciwon ido. An kai shi, an sa shi barci, an yi aiki, an fito da shi lafiya. Uwa ta fara hamdala ke nan, sai yaro ya buɗe ido, ya yunƙura, ya kama amai. Nan da nan hankalin kowa ya tashi. Wani ya ce aikin ne ya ɓaci. Wata ta ce maganin ne ya yi masa yawa. Kaka kuwa ta ce da ma ita ba da son ranta aka kawo shi ba. To, ku ba mu hankalinku ku ji yadda abin ya ke, domin akwai aman da ba shi da wata illa, akwai kuma wanda a ke gudu, kuma galibi a hannun iyaye maganin na biyun ya ke.

Bari mu fara da barcin kansa. Babba in za a yi masa aiki, allura a ke yi masa a jijiyar hannu, kafin ya ƙirga goma ya tafi. Yaro ƙarami kuwa ba ya tsayawa a nemi jijiyarsa. Saboda haka sau da yawa sai a kifa masa wani murfin roba mai taushi a hanci da baki, ya riƙa shaƙar iska. A cikin iskar nan akwai oksijin, watau iskar da ke riƙe da rai, an gauraya ta da tururin magani. Maganin yana a kwalba kamar ruwa, na'ura ce ke mai da shi tururi, tana kuma auna yawan da zai shiga. Tururin ya sauka huhu, daga huhu ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa, sai yaro ya yi barcin da ba ya jin wuƙa, ba ya kuma tuna kome in ya farka. Muddin ana aiki ana ba shi. In an gama aka rufe na'ura, sai maganin ya koma ta hanyar da ya zo, yaro ya yi ta fitar da shi a numfashi har ya ƙare. Akwai ma'aikaci guda, likita ko nas da aka horar, wanda ba shi da wani aiki a ɗakin sai wannan: yana zaune wajen kan yaron, idonsa a kan numfashi da bugun zuciya, daga farko har ƙarshe.

Wannan hikima ba ta kai shekara ɗari biyu ba. Ran 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Boston na Amurka, wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa wani mutum tururin maganin da a ke kira eta, aka yanke masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci bai yi kururuwa ba. Kafin wannan zamani sai dai ƙarti su danne mutum. A 1847 Dokta James Simpson na Edinbara ya kawo kulorofom, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙe shi a 1853 sa'ad da za ta haifi ɗanta na takwas. Amma kulorofom yana taɓa zuciya da hanta, tun a 1848 ya kashe wata yarinya 'yar shekara 15 a Ingila, daga baya aka bar shi. Eta ya fi shi aminci, shi ya sa ya daɗe a asibitocin ƙasarmu, sai dai yana kama wuta, ga wari, ga shi da sa amai ƙwarai. Duk dattijon da aka yi wa aiki da shi zai gaya muku yadda warin ya kwana a bakinsa, da yadda aka ajiye masa tasa a gefen gado. A 1956 aka fara aiki da halotan a Mancesta, wanda ba ya kama wuta, ya kuma yi shekaru masu yawa shi ne na yara. Yanzu an fi amfani da aisofuluren da sebofuluren. Shi sebofuluren a Japan aka fara ba da shi a 1990, ba ya shaƙe maƙogwaro, yaro ya kan yi barci da shi da sauri, ya farka da sauri. Waɗannan na baya sun fi eta sauƙi nesa ba kusa ba, amma har yanzu ba a sami tururin da ba ya sa amai ko kaɗan ba.

Me ya haɗa iskar da ta shiga huhu da abin da ke ciki? Ga yadda abin ya ke. Ba ciki ne ke yin shawarar amai ba, ƙwaƙwalwa ce. A can gindinta, wajen ƙeya, akwai wani ɗan wuri da Allah ya yi shi kamar mai gadin ƙofa. Aikinsa ɗanɗana jini. In ya ji wani baƙon abu a ciki, sai ya ɗauka an ci guba, ya aika wa ciki cewa ya juye abin da ke cikinsa. Wannan gadi ne mai amfani, shi ke ceton yaron da ya ci ruɓaɓɓen nama. Amma mai gadin bai san bambancin guba da maganin likita ba. Ya ji tururin barci a jini, ya buga ƙararrawa. Har wa yau saƙo yana zuwa masa daga wurare biyu. Ɗaya hanji ne, in an taɓa shi ko jini ya sauka a ciki. Ɗayan kuwa can cikin kunne ne, inda a ke jin tsayuwa da karkacewa. Shi ne wurin da ke sa yaro jiri in ya yi ta juyawa a wasa, shi ne kuma ke sa waɗansu amai a mota. Bayan barcin magani wurin nan ya kan zama mai saurin fushi, ko ɗaga yaro aka yi da gaggawa sai zuciyarsa ta tashi.

Likitoci sun lura aman da tururi ke kawowa ya fi yawa a awa 2 na farko bayan farkawa, kuma gwargwadon daɗewar yaro yana shaƙa, gwargwadon yiwuwar aman. Akwai kuma wata iska da Turawa su ka sa wa suna iskar dariya, wadda a kan haɗa da tururin. Ita a gajeren aiki ba ta cika ƙara kome ba, sai in aikin ya yi tsawo. Maganin kashe zafi mai ƙarfi irin su mofin shi ma yana tā da zuciya, kuma nasa ya kan jima fiye da na tururi. Ketamin, allurar da a ke yawan amfani da ita a ƙananan asibitoci, ita ma ta kan sa waɗansu yara amai wajen farkawa.

Ba kowane yaro ne ke yi ba. Jariri da yaron da bai kai shekara 3 ba ba su cika yi ba. Daga shekara 3 abin ya ke fara yawa, ya yi ta ƙaruwa har balaga, kuma yara a wannan tsakani sun fi manya yi kamar ninki biyu. Kafin balaga mace da namiji duk ɗaya ne, bayanta 'yan mata su ke wucewa gaba. A 2004 wani likita a Jamus, Dokta Leopold Eberhart, shi da abokan aikinsa, sun bi yara fiye da dubu da aka yi wa aiki, su ka fitar da abu huɗu da ke nuna wanda zai fi yin amai: yaro ya kai shekara 3, aikin ya kai minti 30 ko fiye, aikin na gyaran idon harara-garke ne, sa'an nan shi yaron ko uwarsa ko ubansa ko wani ɗan'uwansa ya taɓa amai bayan irin wannan barci. Yaron da ba shi da ko ɗaya, kamar 9 ne cikin 100 su ke yi. Mai abu biyu, 30 cikin 100. Mai uku, 55. Wanda ya haɗa huɗun duka, 70 cikin 100. Ban da aikin ido, aikin cire ƙulluttukan nan biyu na maƙogwaro da likitoci ke kira tonsil shi ma ya yi suna wajen sa amai, saboda jinin da yaro ke haɗiyewa. Haka kuma aikin cikin kunne.

Kun ga ke nan tambayar da ma'aikaci ke yi muku kafin aiki ba neman jin sirrin gidanku ba ne. In ya ce, "An taɓa sa wani barci a gidanku? Yaya ya tashi?" ku tuna sosai ku faɗa. In yaron mai amai ne a mota, ku faɗa. In akwai wanda ya taɓa rasuwa a dangi yana cikin barcin aiki, ko jikinsa ya yi zafi mai tsanani a lokacin, wannan kam lalle ne a ji shi, domin akwai wata larura da a ke gado wadda ba ta shiri da tururin sam, sai a sauya magani. In yaro mai sikila ne, ko yana tari da majina a makon nan, ko kuna ba shi wani jiƙo ko gari na gida, duk ku faɗa. Ba wanda zai yi muku faɗa.

Yanzu ga babbar magana, wadda in kun manta da sauran duka, kada ku manta da ita. Aman da a ke yi bayan an farka wahala ce. Aman da a ke yi cikin barcin magani kuwa, shi ne mai kisa. Mutum mai ido biyu in abu ya nufi hanyar numfashinsa, sai ya ƙware, ya yi tari, ya fitar. Ko barcin dare ya ke yi, tarin zai tashe shi. Amma maganin barci yana kwantar da tarin nan gaba ɗaya. In akwai abinci a ciki ya taso, ba abin da zai tare shi, sai ya gangara huhu. Ruwan ciki kuwa mai tsami ne ƙwarai, yana ƙona huhu, guntun abinci kuma yana iya toshe hanyar iska. A 1946 wani likita a Niyok, Dokta Curtis Mendelson, ya duba labarin haihuwa 44,016 da aka yi a asibitinsu, ya sami mata 66 da abin cikinsu ya shiga huhunsu sa'ad da aka sa su barci. Bayanin da ya rubuta na cikin abin da ya ƙarfafa dokar da a ke bi ko'ina yau, watau ba a sa mutum barci da abinci a cikinsa sai in tilas ta kama.

Ga dokar. Abinci da madarar gwangwani da madarar shanu, a tsayar da su awa 6 kafin aiki. In abincin mai nauyi ne, mai nama ko mai maiƙo, awa 8. Nonon uwa, awa 4. Ruwa tsabtatacce wanda a ke hangen gindin kofi ta cikinsa, awa 2, waɗansu asibitoci ma yanzu su kan bar yara su kurɓa har saura awa 1. Ku bi abin da asibitinku ya ce. A ce an sa aiki ƙarfe 9 na safe. Yaro ya ci tuwonsa da dare ya ƙoshi. Mai shan mama a ba shi na ƙarshe da asuba, wajen ƙarfe 5. Ruwa kuwa har ƙarfe 7. Daga nan baki ya rufe.

Inda a ke samun kuskure shi ne a kan abin da mu ba mu ɗauke shi abinci ba. Koko abinci ne. Kunu abinci ne. Fura da nono abinci ne, shayi mai madara ma haka. Don ana shan abu ba a taunawa, ba shi ne ya mai da shi ruwa ba a wurin ciki. Uwa, mun san abin da wuya. Yaro yana kuka, yana jan zanenki, ga kwanon koko a ƙarƙashin gado, nas ta fita. Zuciya ta ce ludayi ɗaya me zai yi? Yi haƙuri, goya shi, zaga da shi waje. Ku kuma faɗa wa kaka da gwaggo da duk mai zuwa dubiya, gama sau da yawa uwa ta kiyaye, wata ce daga gefe ta miƙa masa ƙosai don tausayi. In akwai rubutun sha da aka karɓo masa, a ba shi tun daren jiya, ko a ajiye sai ya warware.

In kuwa an riga an yi kuskure ya ci, to, ku faɗi gaskiya. Iyakar abin da zai faru a ɗaga aikin zuwa yamma ko gobe. Mun sani kun zo daga nesa, kun kashe kuɗin mota, kun bar gona da dabbobi, jinkirin kwana guda ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka kada ku ɓoye. Haka nan in aikin gaggawa ne, misali yaro ya faɗo daga mangwaro ya karye, ku gaya wa likita lokacin da ya ci abinci da lokacin da ya faɗo. Ciwo da tsoro su kan tsayar da ciki, abin da ya ci da rana yana iya kasancewa a nan har dare. In likita ya sani, yana da dabarar da zai sa bututu a hanyar numfashi da sauri ya tsare huhu.

Kada kuma a wuce gona da iri. Waɗansu don tsoro sai su hana yaro ko ruwa tun magariba. Wannan ba ya rage amai, sai ma ya bar yaro a galabaice, ga ƙishirwa ga fushi, jijiyarsa ta yi wuyar samu. Ga mai sikila kuwa, rashin ruwa a jiki shi ke tā da ciwonsa. In kun ga an yi jinkirin shiga da yaro, ku tambayi nas ko a ba shi ruwa, kada ku yanke shawara da kanku ta kowace fuska.

Likita ma yana da nasa shirin. In ya ga yaron na cikin masu saurin amai, tun yana barci zai yi masa allurar rigakafi. Biyu ne aka fi sani, ondansetiron da desametason, kuma in an haɗa su sun fi aiki bisa ga ɗaya. Yana iya barin tururi ya riƙe barcin da wata allura fara kamar madara, sunanta furofofol, wadda ba ta cika tā da zuciya ba. Yana iya kashe wurin aikin da allura, ya ba da farasitamol, don a rage bukatar mofin. Ƙarin ruwa ta jijiya shi ma yana taimako. Ba kowane asibiti ke da dukan waɗannan a kowane lokaci ba, amma ba laifi uba ya tambaya cikin ladabi, "Likita, yaron nan mai amai ne, akwai abin da za a yi masa?"

To, an fito da shi. Kwantar da shi a gefe, fuska ta ɗan kalli ƙasa, yadda in ya yi amai zai zubo waje. Kada a bar shi rigingine, kada kuma a bar shi shi kaɗai har sai ya farka sarai ya gane mutane. A ajiye tasa da tsumma kusa. Kada a yi ta ɗaga shi ana jijjigawa don a ga ko ya farka, kun dai ji abin da mu ka faɗa game da kunne. 'Yan dubiya su rage, turare mai ƙarfi da ƙanshin soye-soye a yi nesa da su.

Kada a matsa masa ya sha. Dā a kan tilasta wa yara shan ruwa kafin a sallame su, sai aka gwada aka ga waɗanda aka tilasta sun fi amai bisa ga waɗanda aka bari su ka nema da kansu. In ya nema, kuma nas ta yarda, a fara da kurɓi ɗaya ko cokali biyu, a dakata, a ƙara. Mai shan mama a mai da shi mama kaɗan kaɗan. In ruwa ya zauna, sai kunu mai ruwa-ruwa, tuwo da nama sai gobe. In ya amayar, a huta kamar rabin awa a sake farawa. Wanda aka yi wa aiki a hanji kuwa dokarsa dabam ce, ba ya shan kome sai likita ya ce. Amai sau ɗaya ko biyu a ranar aiki ba abin tsoro ba ne, galibi kafin gari ya waye ya wuce.

Amma akwai alamun da ba a jira da su. In aman kore ne shar, ko ciki ya kumbura ya yi tauri. In akwai jan jini a ciki, ko yaron da aka cire wa tonsil yana ta haɗiya ba ya ci ba ya sha, wannan jini ne ke zuba ta baya. Ɗan baƙin tsohon jini sau ɗaya bayan aikin maƙogwaro a kan gani, amma a nuna wa nas. In ko kurɓin ruwa ba ya zama, ko aman ya zarce kwana guda. In ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, idanu sun faɗa, baki ya bushe, maɗigar jariri ta loɓa. In numfashi ya yi sauri, ko yana tari da zazzaɓi bayan aman. In barci ya yi nauyi ba ya tasuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in kuna asibiti ku kira nas nan take, in kuna gida ku koma, ko da tsakar dare ne.

Kada ku aika a sayo maganin tsai da amai a kanti. Akwai wanda a ke kira metokulofuramaid, ya kan sa wuyan yaro ya sandare, idanu su kafe sama, har a zaci iska ce ta taɓa shi. Akwai furometazin, wanda ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba domin yana danne numfashi. Abin da ya dace a gida shi ne ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda a ke samu a ɗakin shan magani, a dama shi yadda aka rubuta a jikin takardar. In babu, a sami lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi cokali cokali.

Saura maganar hanya. Yaro da yawa sun kwana lafiya a asibiti, sai a mota aman ya dawo, musamman a hanyar ƙauye mai gargada. In an sallame ku ranar da aka yi aikin, kuma gida da nisa, gara ku kwana wurin wani ɗan'uwa a gari, ku kama hanya da sanyin safiya. Kada a cika masa ciki kafin tafiya. A zaunar da shi inda iska ke shiga, kansa a jingine da kafaɗar uwa, a riƙe leda da gorar ruwa a hannu. In kun isa, washegari ku biya ɗakin shan magani da takardar sallama, malam ya duba ɗinkin, ya kuma rubuta a katin yaron irin barcin da aka sa shi da yadda ya tashi, domin ranar da wata bukata za ta sake kamawa.